Manufar Gwamnatin Tarayya Game da Izinin Aiki, Taimakon Ƙasashen Waje da Aikin Agaji

Gabatarwa

Kowace rana ta Allah akwai baƙin da ke shigowa Nijeriya da nufin yin aiki, akwai kuma 'yan ƙasa da ke fita neman abinci a wasu ƙasashe. Haka nan akwai kuɗi da kaya da ƙwararru waɗanda Nijeriya ke aikawa domin taimakon wasu, akwai kuma waɗanda take karɓa sa'ad da masifa ta auko mata. Jama'a da yawa suna ɗaukar waɗannan al'amura tamkar ba abin da ya gama su, alhali kuwa tushensu ɗaya ne, watau yadda ƙasa ke ma'amala da waɗanda ba nata ba, da yadda su kuma ke ma'amala da nata. An shirya wannan ɗan littafi domin kowane ɗan ƙasa ya san abin da doka ta tanada, da dalilin da ya sa aka tanade shi, da kuma abin da ya rataya a wuyansa shi kansa.

Masu tsaron ƙofa

Kafin samun mulkin kai, aikin lura da masu shigowa da masu fita yana hannun 'yan sanda ne. A shekarar 1958 aka ware shi ya zama sashe mai zaman kansa, sa'an nan a 1963 Majalisa ta yi Dokar Shige da Fice wadda ta ba shi cikakken iko. An yi aiki da wannan doka fiye da shekara hamsin, har zuwa 2015 da aka maye gurbinta da sabuwa, aka kuma fito da ƙa'idojin aiki da ita a 2017. Hukumar Shige da Fice tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, shugabanta kuwa shi ne Kwanturola-Janar.

Ginshiƙin dokar ba wuyar fahimta gare shi ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ba shi da ikon karɓar aikin kamfani ko na wani mutum sai da rubutaccen izini daga Kwanturola-Janar, ba shi kuma da ikon kafa kasuwanci ko buɗe wata sana'a ta kansa sai da yardar Minista. Wanda ya ɗauki baƙo aiki ba tare da wannan izini ba, shi ma ya yi laifi, kuma hukunci na hawa kansa kamar yadda yake hawa kan baƙon.

Dalilin wannan tsari yana da tushe a tarihi. A lokacin da Turawa suka sauka, yawancin manyan muƙamai a bankuna da kamfanonin ciniki da masana'antu suna hannun baƙi. Gwamnati ta ga cewa mulkin kai ba zai cika ba muddin 'yan ƙasa suna zaman 'yan kallo a harkar arzikin ƙasarsu. Shi ya sa aka yi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972, aka ƙarfafa ta a 1977. Daga baya, da aka ga ana bukatar jari daga waje, an sassauta, har dokar 1995 ta yarda baƙo ya mallaki kamfani ɗungurungum a yawancin sana'o'i. Amma sassaucin ya tsaya ne ga mallakar jari. Batun wanda zai riƙe aiki yana nan bisa ƙa'idarsa: baƙo ya shigo ya yi abin da ba a sami ɗan ƙasa mai iya shi ba, ya kuma koyar kafin ya tafi.

Yadda baƙo ke samun izinin aiki

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ba baƙon ne ke fara neman izini ba, kamfanin da zai ɗauke shi ne. Kamfani yakan rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ya bayyana muƙaman da yake so ya cika da baƙi, da irin ilmin da kowane muƙami ke bukata, da dalilin da ya sa bai sami ɗan ƙasa ba. In Ma'aikata ta gamsu, sai ta ba shi kason guraben baƙi, watau adadin muƙaman da aka yarje masa, kowanne da wa'adinsa. Gurbin na kamfani ne, baƙo ba ya tafiya da shi in ya bar aikin. Daga cikin sharuɗɗan har da sanya 'yan ƙasa su riƙa bin baƙon suna koyon aikinsa, domin ranar da wa'adi ya cika a sami wanda zai gaje shi.

Bayan an sami gurbi, sai baƙon ya nemi bizar shigowa aiki, wadda aka fi sani da STR. Wannan biza ta kwana 90 ce, kuma a cikin kwanakin nan wajibi ne kamfani ya gabatar da shi ga Hukuma a daidaita zamansa, a ba shi katin zama da aiki wanda ake kira CERPAC. Kamfanin ne ke ɗaukar alhakinsa a gaban Hukuma, har da kuɗin mayar da shi ƙasarsa in aiki ya ƙare ko aka sallame shi. Wanda aka gayyato don wani ɗan gajeren aiki, kamar kafa inji ko gyaransa ko horar da ma'aikata, ana ba shi izinin aiki na wucin gadi, wanda ba ya ba shi damar zama.

A harkar man fetur ƙa'ida ta fi tsanani. Dokar 2010 mai kare rabon 'yan ƙasa a wannan masana'anta ta iyakance muƙaman shugabanci da za a bar wa baƙi ga kashi 5 cikin ɗari, ta kuma ce a mayar da sauran muƙamai hannun 'yan ƙasa bayan shekara huɗu ta koyo.

Tsarin biza ya sha gyara a 'yan shekarun nan. A watan Fabrairu na 2020 aka ƙaddamar da sabuwar manufa wadda ta rarraba biza zuwa iri 79, domin a bambanta mai yawon buɗe ido da ɗan kasuwa da ɗalibi da ma'aikacin agaji. A farkon 2024 an sanar da wani sabon haraji a kan kamfanoni masu ɗaukar baƙi, amma aka dakatar da shi a watan Maris na shekarar bayan ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun yi ƙorafi. Ran 1 ga Mayu 2025 kuwa aka fara bayar da bizar gajeren zama ta intanet, wadda ta maye gurbin bizar da ake karɓa a filin jirgin sama. Abin da bai sauya ba shi ne, bizar ziyara ko ta ganawar kasuwanci ba izinin aiki ba ce, ko da wa ya gayyato mai ita.

Maƙwabta na Afirka ta Yamma

'Yan ƙasashen Afirka ta Yamma suna da matsayi dabam. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo. A 1979, a birnin Dakar, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya sahihiya. An ƙara 'yancin zama a 1986, da na kafa sana'a a 1990. Sai dai wanda ya yi niyyar wuce kwana 90 dole ne ya yi rajista ya karɓi katin zama.

Wannan yanki ya taɓa ɗanɗana abin da rashin tsari ke jawowa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta umurci baƙi marasa takarda su fice, 'yan Nijeriya masu ɗimbin yawa, Yarabawa da Hausawa da sauransu, suka baro gidaje da rumfunan kasuwa da suka yi shekaru suna ginawa. A watan Janairu na 1983 kuma, bayan faɗuwar farashin man fetur da tarzomar Maitatsine ta Kano ta 1980, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. An sake yin irin wannan a 1985. Wahalar da mutane suka sha a kan iyakoki da tashoshin jirgin ruwa ta daɗe tana zubar da mutuncin ƙasashen biyu. Darasin da aka ɗauka shi ne, gara a yi wa baƙo rajista tun ranar da ya iso da a bar shi shekara goma ba takarda sa'an nan a kore shi rana ɗaya.

Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan waɗannan ƙasashe, a kuma bar musu 'yancin zirga-zirga, har sai an yanke wata shawara. Ga mutanen Katsina da Maraɗi, ko na Sakkwato da Birnin Ƙonni, waɗanda aure da ciniki suka haɗa tun kafin a shata iyaka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Nijeriya mai fita neman aiki

Kamar yadda Nijeriya ke da ƙa'ida a kan baƙi, haka kowace ƙasa ke da tata a kan 'yan Nijeriya. Fita neman aiki ba laifi ba ne, hasali ma kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida yakan kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Haɗarin yana wajen fita ta ɓarauniyar hanya ko da takardar da ba ta dace ba.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana kowa ɗibar ma'aikata zuwa ƙasar waje sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago. Saboda haka duk dillalin da ya zo da alkawarin aiki a Saudiyya ko Dubai ko Ingila, tambaya ta farko ita ce ina lasisinsa, ta biyu kuwa ina rubutacciyar yarjejeniyar aiki mai ɗauke da sunan mai gida da albashi da wa'adi. Bizar Umra ko ta Hajji ta ibada ce, wanda ya maƙale da ita yana aiki ya zama mai laifi a ƙasar, ba kotun da za ta karɓar masa haƙƙinsa in an cuce shi, ƙarshensa kamu da kora. Mata da yawa da aka yaudara da aikatau sun tarar an karɓe musu fasfo tun daga filin jirgi, an kuma ɗora musu bashin da ba su san lokacin da suka ci ba.

Hanyar hamada ta Agadas zuwa Libiya ta fi kowace muni. A ƙarshen 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙin haure a Libiya kamar bayi, daga nan Gwamnatin Tarayya tare da Hukumar Ƙaura ta Duniya suka kwaso dubban 'yan ƙasa zuwa gida. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke da alhakin kama masu safarar mutane da kula da waɗanda aka ceto.

Ya kamata kuma a sani cewa ƙa'idojin ƙasashe suna sauyawa ba zato. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tsayar da ba 'yan Nijeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a watan Yuli na 2024. Ingila ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga waje a watan Yuli na 2025. Wanda ya sayar da gona ya ba dillali kuɗi bisa labarin bara, yana iya wayar gari ba gona ba biza.

Taimakon da Nijeriya ke bayarwa

Tun daga samun mulkin kai Nijeriya ta sa Afirka a tsakiyar manufarta ta harkokin waje. Da fari taimakon ya fi yawa ta wajen ma'aikata: Mai Shari'a Udo Udoma ya riƙe muƙamin Babban Jojin Yuganda daga 1963, Mai Shari'a Akinola Aguda kuma ya riƙe na Botswana daga 1972. Da kuɗin man fetur ya samu, sai hannu ya ƙara buɗewa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a Angola ta kuma tallafa mata da kuɗi. A 1976 aka kafa Asusun Amana na Nijeriya a Bankin Raya Ƙasashen Afirka da jarin dala miliyan 80, domin bai wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. A wannan shekara kuma aka buɗe Asusun Agajin Kudancin Afirka domin waɗanda mulkin wariyar launin fata ya tagayyara. Ma'aikatan gwamnati sun ba da kashi 2 cikin ɗari na albashinsu, ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi karo-karo, yara da yawa daga Afirka ta Kudu suka yi karatu a makarantun ƙasar nan.

Da tattalin arziki ya ja baya a shekarun 1980, an sake tunani. An lura cewa tsabar kuɗi takan ƙare ba a ga inda ta shiga ba, amma malami ko likita yakan bar abin da za a tuna. Don haka a 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, bisa shawarar Ministan Harkokin Waje Farfesa Bolaji Akinyemi, aka kafa Shirin Tura Ƙwararru, aka kuma ba shi doka a 1993. A ƙarƙashinsa ana aika likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na tekun Fasifik, kowa ya yi shekara biyu. Nijeriya ke biyan alawus da kuɗin jirgi, ƙasar da ta nema ta ba da masauki. Gambiya da Yuganda da Jamaika da Fiji suna cikin waɗanda suka amfana. Haka kuma a watan Disamba na 2014, bayan Nijeriya ta kawar da cutar Ebola daga cikinta, ta tura ma'aikatan lafiya kimanin 250 zuwa Laberiya da Saliyo.

Akan ji masu tambaya, don me za a kai taimako waje ga mabukata a gida? Tambayar tana da hujja, shi ya sa aka rage bayar da tsabar kuɗi. Amma Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Annoba da yaƙi da fari ba su san iyaka ba. Ebolar da ta shigo Legas a 2014 daga Laberiya ta taso, kuma kashe ta a can ya fi jiran ta a nan araha.

Masu gudun hijira

Ɗan gudun hijira ba ɗaya yake da mai neman aiki ba, domin shi tsira da rai ya fito nema. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta 1969, waɗanda suka hana mayar da mutum inda ake neman ransa. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa, daga baya aka ƙara mata kula da waɗanda aka raba da gidajensu a cikin gida. A 1990 aka saukar da 'yan Laberiya a sansanin Oru na Jihar Ogun. Daga 2017 kuma fiye da mutum 70,000 suka tsallako daga yankin Kamaru mai magana da Ingilishi, suka sami mafaka a jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom.

Alheri gadon barci ne. Sa'ad da rikicin Boko Haram ya tsananta, 'yan Nijeriya fiye da 300,000 suka sami mafaka a Minawao ta Kamaru da yankin Diffa na Nijar da gaɓar tafkin Cadi. Ƙasar da ke so a riƙe nata da mutunci, tilas ta riƙe na wasu da mutunci. Haka nan da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, sai da haɗin kan Masar da sauran maƙwabta aka iya kwaso ɗaliban Nijeriya zuwa gida.

Agaji a cikin gida

Ƙa'idar Gwamnatin Tarayya ita ce, ana maraba da agaji daga ko'ina, amma ragamarsa tana hannun Nijeriya. Wannan ƙa'ida ta samo asali daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da aikin agaji ya cuɗe da siyasar ƙasashen waje, har a watan Yuni na 1969 gwamnati ta karɓe shugabancin aikin daga Kwamitin Red Cross na Duniya ta danƙa wa hukumar farfaɗowa ta ƙasa. Bayan farin da ya addabi Arewa da ƙasashen Sahel daga 1972 zuwa 1974, an kafa hukumar agajin gaggawa a 1976. Aikinta rabon kaya ne bayan masifa ta auku. A 1999 aka maye gurbinta da hukumar NEMA, wadda aka ɗora wa har da hasashe da shiri da ceto, aka kuma nemi kowace jiha ta kafa tata. A watan Agusta na 2019 aka kafa ma'aikata ta musamman domin ayyukan jin ƙai.

Nauyin yana da yawa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye babban sashe na Maiduguri. A Arewa maso Gabas rikici ya raba fiye da mutum miliyan biyu da garuruwansu. Don haka aka buɗe ƙofa ga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji na waje, kuma a taron Oslo na 2017 ƙasashe suka yi alkawarin dala miliyan 672 domin Nijeriya da yankin tafkin Cadi. Kowace ƙungiya ta waje sai ta yi rajista da ma'aikatar tsare-tsare ta ƙasa, ma'aikatanta baƙi kuma sai sun bi ta hannun Hukumar Shige da Fice kamar kowa. A nan batun biza da na agaji suke haɗuwa: in aka yi sakaci, ɓata-gari na iya fakewa da rigar agaji, in kuma aka yi jinkiri, likitan da ake jira ya makara yara su mutu. Aikin hukuma shi ne ta tsare duka biyun.

Shekarar 2025 ta zo da gargaɗi. Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage kasafin taimako, asibitoci da cibiyoyin ciyar da yara da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Majalisar Tarayya ta ware dala miliyan 200 a kasafin shekarar domin cike giɓi a fannin lafiya. Wannan ya nuna cewa taimakon waje tallafi ne, ba a gina rayuwar jama'a a kansa.

Abin da ake nema daga jama'a

Mai kamfani ya tabbata duk baƙon da ke aiki a wurinsa yana da gurbi da kati, kuma masu koyon aiki na gaske ne, ba sunaye a takarda ba. Mai shirin fita ya nemi fasfo daga ofishin Hukumar Shige da Fice da kansa, ya binciki lasisin dillali a Ma'aikatar Ƙwadago, kada ya miƙa fasfonsa ga kowa ya riƙe masa, in ya isa kuma ya sanar da ofishin jakadancin Nijeriya inda yake. Iyaye su yi tambaya kafin su saki 'ya'yansu ga mai alkawarin aikatau. Masu unguwanni da dagatai su taimaki baƙi maƙwabta su yi rajista, su kuma kai rahoton wanda suke shakka ga hukuma, kada su bar jama'a su ɗauki doka a hannunsu. Kayan agaji kyauta ne, ba a sayar da su, ba a neman komai daga mace ko namiji kafin a ba shi, kuma duk wanda ya ga ana karkatar da su ya sanar da hukumar agaji ta jiharsa ko 'yan sanda. Mai neman ƙarin bayani ya je ofishin Hukumar Shige da Fice ko na Ma'aikatar Ƙwadago da ke babban birnin jiharsa, zuwa da kai ya fi saƙo.